Ranar duba lafiya kyauta da cocin layinmu ya yi, ga abinda na gani

Asabar ɗin da ta wuce wani coci a nan Sabon Garin Zariya ya buɗe ƙofa ya yi duba lafiya kyauta, ba cocinmu bane amma bayan gidanmu yake, kuma tunda naje da ƙafata har na kai maƙwabciyata nace bari in faɗi yadda abin ya kasance, mai daɗin da mara daɗin.

Yadda akai ma abin ya faru shi ya fara jan hankalina. Wata ƙawata ƴar zumuntar matan cocin ce ta bani labari, wai kuɗin da aka tara na baikon godiya da farko tayil za'a saka a ƙasa a canza kujeru a ƙara fanka, sai a taron dattawa wani baba ya tashi yace shekara nawa muna gyaran ɗakin nan, mutanen da ke bayan katangarmu ko sunanmu basu sani ba sai ƙarar lasifika. Akai ta ja-in-ja, wasu har sukai fushi, a ƙarshe dai aka bar tayil ɗin aka sayo magani da tabarau na karatu, likitoci da nas-nas kuma ƴan cocin ne suka bada lokacinsu ba ko sisi.

Na isa wajen ƙarfe bakwai da rabi tare da Iya, tsohuwar da muke katanga ɗaya, musulma ce, ta daɗe tana kukan idonta yana hazo da ciwon kai da baya jin farasitamol. Da ƙyar ta yarda ta biyoni, tace "ƴar nan kar fa in je a ce sai na shiga ciki an min wa'azi." Toh gaskiya nan suka burgeni. Komai a waje akai, rumfa uku a filin gaba, get a buɗe wangale, babu wanda ya tambayi addinin kowa a wajen yankar kati, suna da shekaru da unguwa kawai. Addu'a ɗaya akai da safe ta ma'aikata, shikenan. Da azahar tayi wani yaro ɗan ƙungiyar matasa ya kawo buta da tabarma ya shimfiɗa a inuwar bishiyar dalbejiya, babu wanda ya sashi a gabana, Iya ta kalleni kawai batace komai ba.

Nas ɗin da ta auna Iya yarinya ce ƙarama amma akwai ladabi, har ƙasa ta durƙusa ta naɗe mata hannun riga tana cewa "Mama sannu, ki saki jikinki, zai ɗan matse ki kaɗan." Ta auna, ta yi shiru, ta ce mu huta minti biyar ta sake aunawa a ɗaya hannun. Jinin ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba, kuma Iya bata taɓa sanin tana da hawan jini ba, shekara da shekaru tana ɗauka rana ce da gajiya. Likitan ya zauna ya mata bayani da Hausa tsantsa, a rage gishiri da magi, kar a daina shan magani dan an ji sauƙi. Idon kuma yace yanar ido ce ta fara rufewa, tabarau bazai yi ba sai aiki, ya rubuta takarda yace ko asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna ko na cocin ECWA a Kano.

Da ya ambaci na Kano ɗin sai naji wani abu a raina, sabida abin nan da muke kallo kaman sabo ai shi ne asalinmu. Asibitin idon nan tun 1943 yake aiki, kuma yawancin masu zuwa ba kirista bane. Asibitin mishan na Vom a Filato tun 1922. Na Galmi a Nijar tun 1950, har yau daga ƙauyuka masu nisa ake zuwa. Nan kusa damu Wusasa, da mishan ta koma can a 1929 ba majami'a kaɗai aka gina ba, da makaranta da asibiti aka taho. Kakanninmu da yawa ta ƙofar ɗakin shan magani da ajin karatu suka san ikilisiya. Bayan gwamnati ta karɓe makarantu da wasu asibitocin mishan a shekarun 1970 sai a hankali muka koma ciki, ginin coci, gidan fasto, motar fasto, anko, sabon janareta, ga rikice-rikicen da suka sa kowa ya ɗaga katanga ya saka waya a sama. Ban ce tsoron ba dalili bane, nima na ga abinda na gani, amma katangar ta hana mu ganin tsohuwa irin Iya da ke taku ashirin daga bakin get.

Yanzun inda basu kyauta ba. Layi ya yi tsawo sosai kuma tsarin lamba ya rikice, mu da muka zo da sassafe sai wajen sha ɗaya muka ga likita, na kuma ga ana shigar da wasu ta gefe dan an sansu, wannan ya min ciwo sosai, in dan mutanen waje akai abin toh ƴan gida su zasu bi layi a baya. Ba'a ware tsofaffi da masu ciki ba. Ruwan sha ya ƙare da wuri. Tabarau kafin ƙarfe ɗaya babu. Wajen gwajin suga kuma a fili yake, ana faɗa wa mutum sakamakonsa kowa na ji, ko labule ɗaya aka saka ai ya wadatar.

Babbar damuwata dai maganin. Na sati biyu aka ba Iya, hawan jini kuwa ba zazzaɓi bane da za'a sha na kwana uku a warke, in ya ƙare sai yaya? Ba'a faɗi ranar dawowa ba. Na samu matar fasto a wajen rabon magani nace Mama dan Allah ko teburi ɗaya ne da na'urar awo ɗaya a ringa ajiyewa duk Asabar ɗin farkon wata, nas ɗaya ta isa, ba sai an kafa rumfa an kira mai hoto ba. Ta saurareni da kyau, tace zata kai maganar gaban dattawa.

In sun sake yi zan ce kowa yaje, ku tafi da wuri, ku riƙe ruwanku da kwalin maganin da kuke sha, mai son gwajin suga kuma ya fi kyau yaje bai karya ba. Iya dai ɗanta ya ce bayan albashi zai kaita Kaduna a duba idon, ni kuma ranar Lahadi zan ɗaga hannu a namu taron, dan mu ma muna da kuɗin fenti a ajiye.