A nan Ingila ba a taɓa maganin tayirod sai jini ya yi magana

'Yan'uwa da ke yawan tambayata yadda nake fama da ciwon tayirod (ɗan sashen nan na gaban wuya da ke samar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki) da zancen ƙibar nan, ga amsa gaba ɗaya, don abin ya fi ƙarfin saƙon murya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tun zuwana Lesta shi ne ranar da asibitin unguwarmu suka neme ni da kansu. An ɗebi jinina, na koma harkokina, sai ga waya daga wata mai harhaɗa magunguna da ke aiki tare da likitoci. Ta tabbatar da sunana da ranar haihuwata, sannan ta ce sakamako ya fito, maganin ya yi mini yawa, in sauko daga maikirogiram 125 zuwa 100. Kun san yadda muka saba: kai za ka koma ɗakin gwaji ka karɓi takardarka, ka cusa a jaka, ka shiga neman wanda zai karanta maka. A nan takardar ce ta biyo ni har gida.

Amma wallahi ban ji daɗin labarin ba. A lokacin ne jikina ya fara saki, zoben da ya maƙale a yatsana ya fara fita ba sai da sabulu ba, kumburin fuskar safe ya tafi. Na ce mata, baiwar Allah, yanzu da na fara ganin haske za ki rage mini? Ba ta yi gardama da ni ba. Ta tambaye ni barci, na ce ya yi ƙaranci. Ta tambayi bugun zuciya, na ce wani lokaci ina zaune sai in ji ƙirjina na dukan uku-uku. Ta ce in miƙa hannuwana gaba in duba yatsuna. Ina riƙe da waya a kafaɗa na miƙa, sai ga su suna rawa.

Bayanin da ta yi mini shi nake so kowace mace a gida ta ji. Levothyroxine, wato maganin da nake sha, madadin sinadarin da tayirod ya kasa samarwa ne, ba wani abu ba. Ana auna shi da gwajin TSH, wato saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod cewa ya ƙara aiki. Idan TSH ya hau, jiki na cikin rashi. Idan ya faɗi ƙasa sosai, magani ya wuce kima. A yawancin ɗakunan gwaji, daidai yana tsakanin 0.4 da 4 ne ko kusa da haka, nawa kuwa ya kusa ɓacewa. Kuma da yake tun farko ana lissafa maganin da nauyin mutum, kusan maikirogiram 1.6 ga kowane kilo ga babban da ba shi da ciwon zuciya, in nauyi ya ragu sai buƙatar ma ta ragu. Ramar da nake murna da ita tana cikin dalilan da suka sa aka rage.

Sai kuma maganar da ta fi ɗaci. Ƙibar da raunin tayirod ke kawowa yawanci ba ta wuce kilo 2 zuwa 5, kuma akasarinta ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Shi ne yake zubewa a watannin farko har mutum ya ɗauka ya samu maganin rama. Sauran kuwa na abinci ne da zama wuri ɗaya, sai an tashi an nema. Wanda ya ƙara ƙwaya don ya ci gaba da ramewa, tsoka yake zubarwa tare da kitsen, ƙashinsa na lalacewa a hankali, musamman macen da ta daina al'ada, zuciya kuma tana iya rikicewa da bugun da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Ranar da aka mayar da maganin daidai, nauyin ya dawo. A Amurka ma gargaɗi ne mai kauri a jikin takardar maganin cewa ba na rage ƙiba ba ne.

To ku gaya mini, da wace fuska zan amsa wa matan da ke turo mini saƙo, "Anti, don Allah in mai zuwa ya samu ki aiko mana da irin naki, mun ga kin zube"? Ba a gwada jininsu ba, ba wanda ya ce tayirod ɗinsu na da matsala. Wannan hali namu yana ƙona mini rai. Jiya muna bin sha-ka-fashe don a ce mun murje, yau muna bin abin da zai zubar da tumbi kafin biki, duk a kemis ɗin bakin layi, a hannun yaron da bai taɓa tambayar kowa takardar likita ba. Maganin nan da yawa daga kamfanonin da ke yin sa sun rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25, ku tuna zafin shagon kwano a Kano cikin watan Afrilu. Mai ciwon na gaskiya kuma tana can tana fama da kasala, jin sanyi, zubewar gashi da mantuwa, ana ta ɗura mata maganin taifod da maleriya, ko a ce son jiki ne, ko a ce sammu. Ba mu yarda da ciwon wuya ba sai maƙoƙo ya fito kowa ya gani.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Ganin likita a asibitin namu sai ka tashi ƙarfe takwas ka kama layin waya, kana jin kiɗa, a ƙarshe a ce gurbin yau ya cika. In ka samu, minti goma ne, matsala ɗaya, ba ina gajiya ba yaya yara. Bayan an canza maka adadin magani, sai ka jira makonni shida zuwa takwas, wani lokaci wata uku, kafin a sake gwaji, don jini ba ya nuna gaskiya kafin nan. Na san dalilin, amma zaman jiran da nauyi yake, kana hawa sikeli kana sauka ba mai ce maka sannu. A gida da tuni maƙwabta sun cika ɗaki, wata ta damo kunu, wata ta kwashi yara. Nan sai ƙarar na'urar ɗumama ɗaki. Wani abin haushin kuma, kemis kan ba ka na wannan kamfani wannan wata, wata mai zuwa na wani. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince tun 2021 cewa wasu kan ji canji a jikinsu in an sauya, don haka na roƙi likita ya rubuta sunan guda ɗaya, aka zauna lafiya.

Kuɗi kuwa ba na biyan ko sisi. A Ingila kowane magani da likita ya rubuta fam 9.90 ne, amma raunin tayirod na cikin cututtukan da NHS, hukumar kula da lafiya ta ƙasar, ta yafe wa masu su biyan kuɗin magani. Likita ya sa hannu a fom, a ba ka shaidar shekara biyar, kuma ta shafi duk magungunanka, ba na tayirod kaɗai ba. Duk lokacin da na karɓa nakan tuna gwaggona da ke tsallake kwanaki don kwali ya kai ƙarshen wata.

Shan sa ma da ƙa'ida: da sassafe, ciki ba komai, da ruwa zalla, a jira akalla rabin awa kafin shayi ko koko. Maganin ƙarin jini da na ƙashi sai bayan awa huɗu, don suna hana shi shiga jiki. Da azumi nakan tashi kafin sahur in sha in koma in ɗan kishingiɗa. Mai shan sa da ta samu ciki kuwa ta garzaya asibiti nan take, galibi ƙari take buƙata.

Yanzu ina kan 100, barci ya dawo, nauyina ya tsaya cik, abin da ke sauka kaɗan-kaɗan daga tafiyar ƙafa ne da rage tuwon dare. Kuɗin gwajin TSH na gwaggo da na Yaya Babba zan turo ƙarshen wata, a kai su asibitin koyarwa, ƙwaya kuwa ba zan aiko wa kowa ba.