Sharhi: Ziyarar Kogon Batu a Maleshiya, ta hannun kamfanin yawo da kuma ta jirgin ƙasa

Duk wanda ya sauka a wani otal na Kuala Lumpur zai tarar da takardun talla a teburin karɓar baƙi: yawon rabin yini zuwa Kogon Batu, mota mai sanyi, ɗan jagora mai jin Turanci, a ɗauke ka a ƙofar otal a dawo da kai. Na biya na bi su. Daga baya na koma wurin a jirgin ƙasa tare da ƙanena, wanda ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, gundumar da kogon yake. Wurin kansa ya cancanci a je a gani. Tsarin kamfanin kuwa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kogon Batu yana cikin wani tsauni na farar ƙasa a jihar Selangor, kimanin kilomita 13 arewa da tsakiyar Kuala Lumpur. Masana sun ƙiyasta shekarun dutsen da kusan miliyan 400. Kafin ya zama wurin bauta, manoman Sinawa ne ke shiga suna kwasar kashin jemage domin takin lambunsu. Wajen 1890 wani attajiri ɗan ƙabilar Tamil, K. Thamboosamy Pillai, ya mayar da babban kogon wurin bautar Murugan, abin bautar da Tamilawa mabiya addinin Hindu suka fi riƙo da shi. An ce bakin kogon ne ya yi masa kama da tsinin mashin da Murugan ke riƙewa. Tun 1892 ake bikin Thaipusam, bikin shekara-shekara na masu bautar Murugan, a nan. 'Yan asalin Indiya kusan kashi 7 cikin 100 ne na 'yan ƙasar Maleshiya, yawancinsu jikokin Tamilawan da aka kawo aikin gonakin roba da shimfiɗa layin dogo a zamanin mulkin Turawan Ingila. Wannan tsauni shi ne babbar matattararsu ta ibada.

Ko kalma ɗaya daga cikin wannan bayani ban ji daga bakin ɗan jagoran kamfanin ba. Motar ta zagaya otal-otal tana kwasar mutane har hantsi ya dubi ludayi. Sannan aka tsaya da mu a wani shagon atamfar batik, aka ce za a nuna mana yadda ake rini da kakin zuma, amma nunin bai ɗauki minti biyar ba, sauran lokacin duk na ciniki ne. Ko da muka isa gindin tsaunin rana ta take. Jagoran ya nuna matakala da hannu, ya ce minti arba'in da biyar muke da su, shi kuma ya koma inuwa. Matakalar nan 272 ne. Mutum mai matsakaicin ƙarfi zai ci kusan kwata na awa a hawa idan yana tsayawa ya huta, ga sauka, ga layin banɗaki. Abin da ya rage bai isa ko numfashi ya daidaita ba, balle a duba wuri. Wata dattijuwa da ke cikin motarmu ta kai rabin hanya ta duba agogo ta juyo. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, domin ita ma ta biya kuɗinta cif, kuma shiga babban kogon kyauta ne. Ashe kuɗin mota kawai muka biya, da na zaman shago.

Da na ba ƙanena labari sai ya ce, "Yaya, ai jirgi har ƙofar wurin yake zuwa." Haka kuwa abin yake. Jirgin KTM Komuter yana tashi daga tashar KL Sentral, kuma Batu Caves (sunan kogon da Turanci) ce tasharsa ta ƙarshe, saboda haka babu fargabar wuce wurin sauka. Tafiyar ba ta wuce minti talatin zuwa arba'in ba, kuɗin jirgin ringit (kuɗin Maleshiya) kaɗan ne, akwai sanyi, akwai kuma tarago na mata zalla mai alamar ruwan hoda, wanda zai yi wa iyayenmu mata da 'yan'uwanmu daɗi. Abu ɗaya da za a kula da shi shi ne jadawali, domin akwai tazara tsakanin jirgi da jirgi. Mun fita bayan sallar asuba, muka isa da sanyin safiya, kuma a nan ne na ga wurin da idona na gaskiya.

Abin da ke fara tare ido shi ne mutum-mutumin Murugan mai ruwan zinare, tsayinsa mita 42.7, wanda aka buɗe a watan Janairun 2006. Yana tsaye a gefen matakala riƙe da mashi, tattabaru na shawagi a ƙafafunsa. Matakalar da fari ta katako ce, an yi ta a 1920, daga baya aka zuba ta siminti. Launukan da ake gani a hotuna, ja da shuɗi da rawaya da kore, a 2018 aka shafa su. Wanda ya saba hawa Dutsen Dala zai gane irin nauyin da cinya ke yi, sai dai a nan akwai damshin iska da ke sa gumi ya jiƙe riga tun kafin a yi nisa.

Zuwan namu ya faɗo 'yan kwanaki kafin Thaipusam, lokacin da wasu iyalai ke zuwa cika bakancensu da wuri don gudun cunkoso. A gabanmu akwai wasu mata da miji sanye da rawayen tufafi, ƙafa babu takalmi. Sun ɗaura wani ƙyalle a jikin dogayen rake sun yi shimfiɗar jariri, mijin ya saɓa gaba a kafaɗa, wani ɗan'uwansa ya saɓa baya, jaririn na barci a tsakiya. Matar na biye da tulun ƙarfe cike da madara a ka, ta dafe shi da hannu biyu. Duk matakala goma sai su tsaya, mijin ya gyara raken a kafaɗarsa inda ya riga ya yi ja, matar ta leƙa ƙyallen ta ga ko yaron ya motsa. Ma'auratan da suka daɗe suna neman haihuwa ne ke yin irin wannan alkawari, idan sun samu sai su hau da yaron. Ni Musulmi ne, aƙidata daban da tasu, kuma babu abin da na gani da ya taɓa ta. Amma na san abin da rashin haihuwa ke yi wa gida, na kuma ga fuskar matar nan. Na rage sauri na bar musu hanya har muka kai sama.

Cikin kogon ya fi yadda hoto ke nunawa nesa ba kusa ba. Rufinsa ya kai kusan mita 100, ruwa na ɗiga daga sama, ƙasa a jiƙe take a wurare da dama, don haka a taka a hankali. Ƙamshin kafur da turare da furanni ya gauraye da warin jemage. Idan aka ratsa babban zauren akwai wasu 'yan matakala kuma da ke kai wa ga wani fili wanda samansa a buɗe yake, itatuwa sun tsiro a jikin dutsen, hasken rana na saukowa kai tsaye. Ɗakunan bautar ƙanana ne idan aka kwatanta da girman kogon. Ana cire takalmi kafin a taka dandamalinsu. Mu mun tsaya daga waje muna kallo. Wani malamin addininsu, babu riga sai gyauto da zare a kafaɗa, ya fito da faranti mai fitila da farar toka yana shafa wa mutane a goshi. Da ya iso kusa da mu sai na dafa ƙirji na ɗan sunkuyar da kai alamar a'a. Ya gyaɗa kai ya wuce, ko a fuska bai nuna komai ba. Babu wanda ya nemi mu yi wani abu, babu wanda ya tambaye mu addininmu ko ya roƙe mu kuɗi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga irin wannan wuri ba, ya tambayi malaminsa tun kafin ya taso. Wanda ya zo kuma, ya san iyakarsa ya tsaya a kanta, masu wurin ba za su takura masa ba.

Shi Thaipusam yana faɗowa ne a watan Thai na kalandar Tamil, tsakanin Janairu da Fabrairu, ranar hutu ce a Kuala Lumpur da Selangor. A wurinsu tunawa ce da ranar da abar bautarsu Parvati ta ba ɗanta Murugan mashin da ya yaƙi wani mugun aljani mai suna Surapadman da shi. Ana jan keken azurfa daga wurin bautar Sri Mahamariamman da ke tsakiyar birni har zuwa gindin tsaunin, dubban ɗaruruwan mutane na biye. Wasu kan yi azumi da ƙaurace wa nama har kwana 48 kafin ranar, su ɗauki kavadi, wato wani ƙaton gini na ƙarfe ko katako da aka ƙawata da gashin ɗawisu, wasu har da huda kunci ko harshe da ƙaramin mashi. Mai yaro ƙarami ko mai hawan jini ya kauce wa wannan rana.

Abin da ya fi ɓata min rai a wurin daga baƙi irinmu ya fito. Akwai masu tsayawa a tsakiyar matakala suna canza salon tsayuwa don hoto, alhali ga mai tulu a ka yana jira a bayansu. Na ga wanda ya kai wayarsa dab da fuskar wata mata tana addu'a ido a rufe. Ga kuma masu miƙa wa birai biskit da lemon kwalba. Biran nan sun riga sun gane leda, da sun ji motsinta sai su diro, kuma suna cizo. Su ne ke yayyaga shara su watsa a matakala. A saka abinci da ruwa cikin jaka mai zif, a riƙe tabarau da waya da kyau, kada a yi musu dariya haƙora a waje, domin a wurinsu barazana ce.

Maganar sutura ba za ta dami yawancinmu ba. Ana so a rufe gwiwa da kafaɗa, wadda ta zo da gajeren kaya sai ta nemi gyauto a bakin matakala. Mai dogon hijabi ko abaya ta tattare ƙasan kayanta wajen sauka, don matakalar na da tsayi da santsi idan an yi ruwa. A gindin tsaunin akwai gidajen abincin Indiyawa marasa nama, mun ci tosai (wata irin siririyar waina) da miyar wake muka sha ruwan kwakwa, da arha kuma. Kusa da tashar jirgi akwai Kogon Ramayana, wanda ake biyan kuɗin shiga, da koren mutum-mutumin Hanuman, abin bautarsu mai siffar biri, mai tsayin mita 15 a kusa da shi. An jera mutum-mutumai masu ba da labarin Rama, wani abin bautarsu, da fitilu masu launi, yara za su so shi, ni dai bai kama ni kamar babban kogon ba. Sallar azahar a masallacin tashar KL Sentral muka yi ta bayan mun dawo. Mai ciwon gwiwa ko dattijon da hawa zai wahalar, filin ƙasa ma akwai abin kallo da wurin zama, sai ya jira a can sauran su hau su sauko ba tare da wani direba yana danna musu ham ba.