Karta da Kwamfuta: Wace Manhaja Ce Ta Cancanci Wuri a Wayarka?

Karta wasan jama'a ce. A kan tabarma aka san ta, ko a kan benci a ƙofar shago bayan isha'i, ga tsokana, ga mai leƙen hannun maƙwabcinsa. Sai dai ba kullum ake samun abokan wasa ba. Wani gadin dare yake yi, wani yana cikin mota daga Kano zuwa Legas, wani kuma maiɗakinsa ce ta soke masa zaman majalisa. Sai ya buɗe Play Store ya rubuta sunan wasan, manhajoji su zubo kamar fari, kowace na cewa ita ce sarauniya. Kafin ka ƙona datarka, ga abin da na gani bayan na sauke da yawa, na kuma goge mafi yawansu.

Ka fara tambayar kanka ko abokin hamayya kake nema, ko kuwa abin da zai cinye maka lokaci. In na biyun ne, Solitaire ya ishe ka. A nan kwamfuta rabo kawai take yi, kai da katunan ne ke kokawa. Microsoft ta sa shi a cikin Windows 3.0 a 1990, wani ɗalibi mai koyon aiki, Wes Cherry, shi ya rubuta shi, kuma da shi ne ma'aikatan ofis da dama suka koyi jan linzamin kwamfuta. Yau yana cikin Microsoft Solitaire Collection, wadda ke kan kwamfuta da Android da iPhone, ɗauke da wasanni biyar: Klondike, Spider, FreeCell, Pyramid da TriPeaks. Tana da tsabta, ba ta cije wa. Aibinta talla, kuma cire tallar sai da kuɗin wata ko na shekara.

A cikin biyar ɗin nan FreeCell na fi ba mutum shawara. Klondike, wato ainihin Solitaire ɗin da kowa ya sani, yana da mugunta: kusan rabo ɗaya cikin biyar ba ya ciwuwa ko da za a buɗe maka duk katunan da ke kife. Ka zauna kana zargin kanka alhali tun daga rabo aka gama da kai. FreeCell kuwa komai a buɗe yake tun farko. A cikin rabo 32,000 na tsohon Windows, ɗaya tak, mai lamba 11982, aka tabbatar ba shi da mafita. Wato in ka faɗi, kai ne ka faɗi. Mai kwamfuta da ba ya son talla ko kaɗan ya nemi PySolFC. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, wasannin cikinta sun haura dubu. Fuskarta dai ta tsufa, kamar tsohuwar Fijo mai lafiyayyen inji.

Ga yawancinmu a Najeriya kuwa, in an ce karta, Whot ake nufi. Ba a nan aka haife shi ba, wani Bature ne a Ingila, William Henry Storey, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, amma mu muka riƙe shi har ya zama ɗan gida. Kati 54 ne, da siffofi biyar, da katin Whot mai lamba 20. Matsalar ita ce kowace unguwa da dokarta. Kusan kowa ya yarda 2 na sa ka ɗauki biyu, 14 kuma janar maket ne, kowa ya tafi kasuwa, wato ya ɗauki kati. Amma 5 fa? Wasu sun ce ɗauki uku, wasu sun ce kati ne kamar kowane. Ana iya tare 2 da wani 2 a tura wa na gaba? Ana iya gama wasa da katin hukunci? A kan waɗannan na ga an tashi baram-baram tsakanin aminai. Don haka abin dubawa na farko a manhajar Whot shi ne shafin saiti. In ba ta ba ka damar kunnawa da kashe waɗannan dokoki ba, dokar unguwar wanda ya rubuta ta za ka bi, kuma ba za ka jima ba ka gaji. Kaifin basirar kwamfutar bai dame ni sosai a Whot ba, tunda rabin wasan sa'a ce.

Inda basirar ke da muhimmanci shi ne wasannin mutum huɗu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san belot, wasan da suka gada daga Faransa: kati 32, biyu-biyu ake haɗuwa, maki 162 a kowane rabo. Akwai Spades da Bridge, su ma da abokin tarayya ake yin su. Akwai Hearts, inda kowa tasa ta fishshe shi, ana gudun maki maimakon nemansu, kati guda na iya ɗora maka 13. A wasan haɗin gwiwa, abokin hamayya mai rauni gundura kawai zai sa ka, amma abokin tarayya wawa sai ya sa ka jefar da waya. Na taɓa fama da wata manhaja da abokina na kwamfuta ke kashe katin da na riga na ci da shi, sau uku a zama ɗaya. Ka yi rabo goma kana lura da shi kaɗai. Yana tuna abin da ya fita? Yana dawo maka da irin katin da ka fara jefawa? In a'a, goge ta.

Mutane na yawan cewa kwamfuta na maguɗi. Wani lokaci gaskiya ne, don hanya mafi sauƙi ta ƙara mata wuya ita ce a bar ta ta leƙa hannunka. Manhajojin kirki ba haka suke yi ba. Suna ƙiyasta yadda katunan da ba su gani ba za su iya kasancewa, su gwada rabo masu yawa a cikin ƙiftawar ido, su zaɓi jifar da ta fi yawan yin nasara. Haka GIB ke yi, manhajar da ke wasa a dandalin Bridge Base Online. Kuma an yi nisa: a 2022, a Paris, wata manhaja mai suna NooK ta doke zakarun duniya takwas a ɓangaren sarrafa kati na Bridge. Ta wayarka ba ta kai can ba, amma in ta nuna matakan wuya, ta kuma bar ka ka duba hannun kowa bayan an gama rabo, alama ce mai ita ba ya ɓoye komai.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Manhajar da ta ba ka tsabar zinare na bogi, ta ce sai ka zuba kafin ka zauna a teburi, in sun ƙare ka saya ko ka kalli talla, ba don ka ji daɗin wasa aka gina ta ba. Wadda kuma ta ce ka sa naira ka ci naira, wannan sunanta caca, ko da wane irin kaya aka sa mata. Ita ce ta ɓata wa karta suna a wurin iyayenmu tun farko. Na fi son wadda za a biya sau ɗaya a huta, ko mai talla ɗaya bayan an gama wasa, ba a tsakiyarsa ba.

Gwajin da nake yi bai wuce minti goma ba. Da na sauke, sai in sa waya a yanayin jirgin sama. In ta ƙi buɗewa, ba ta da amfani a hanyar da sabis ke ɗaukewa. In ta nemi izinin ganin lambobin wayata, ko kyamara, ko inda nake, sai in tambayi kaina me karta za ta yi da su. Sannan in duba girman katunan, don akwai waɗanda sai ka matse ido kafin ka bambance 6 da 8, in kuma taɓa bayan wayar in ji ko ta ɗau zafi.

A tawa wayar yanzu uku suka rage: FreeCell don layin banki, Whot ɗaya mai saitin dokoki wanda na daidaita da yadda muke yi a unguwarmu, da Hearts don daren da barci ya ƙi zuwa. A Hearts ɗin har yau ban wuce mataki na tsakiya ba.