Wane Fentin Mai Za Ka Saya Kafin Ka Kwaikwayi Zanen Friedrich?

Mai koyon zane da fentin mai da ke son gwada hannunsa a kan aikin magabata zai yi dace idan ya fara da zanen da Caspar David Friedrich, ɗan ƙasar Jamus, ya yi wajen shekarar 1818, wanda ke ajiye a birnin Hamburg: mutum tsaye a kan dutse da sandarsa, ya ba mu baya, yana kallon hazon da ya lulluɓe tsaunuka. Launukansa kaɗan ne, kuma fari ne ke ɗauke da mafi yawan aikin, saboda haka ingancin fentin da ka saya zai bayyana tun ranar farko.

Fentin ƙwararru yana da kyau matuƙa, amma tsadarsa kan sa mai koyo ya riƙa tsoron matse bututu. Fentin mai da ake sirkawa da ruwa kuwa ya dace da mai gudun warin tina (sinadarin sirka fenti) ne kawai.

Abin da nake ba da shawara a kai shi ne fentin ɗalibai na sanannun kamfanoni, kamar Winton na Winsor & Newton ko Georgian na Daler-Rowney, a saya ɗaya-ɗaya. Bututu biyar sun isa wannan aiki: farin titaniyam mai lamba PW6 (lambar garin launi da ake rubutawa a jikin bututu), wanda ya kamata ka ɗauki babba, shuɗi mai lamba PB29, rawaya mai kalar ƙasa PY42 ko PY43, ruwan ƙasa mai duhu PBr7, da baƙi PBk9. Shuɗin da rawayar za su ba ka koren rigar mutumin, farin kuma idan ka ɗan taɓa shi da shuɗi da ruwan ƙasa zai ba ka hazo mai laushi. Da yake fentin yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, kana da sararin goge bakin tsaunuka da busasshen buroshi har su narke cikin hazon.

Inda na ƙone shi ne akwatin nan mai launi 24 da babu sunan kamfani a jikinsa. Da na matse farin, mai ne ya fara tsiyayowa, sannan wani abu mai kama da kunun alli ya biyo baya. Na shafa sau uku, amma duhun da ke ƙasa yana leƙowa, hazon kuma ya koma kamar toka. Tun daga nan ba na sayen bututun da ba a rubuta lambar garin launinsa ba. Idan ka ga kalmar "hue" bayan sunan launi, an maye gurbin garin asali da wani, kuma kamfani mai gaskiya ne ke bayyana haka. Wanda ya ɓoye komai shi ne abin tsoro.

Ka kuma yi hattara da kayan da ake tallatawa a intanet da sunan zanen mai, masu zuwa da ƙyalle mai lambobi da ƙananan gwangwanaye, domin galibinsu akirilik ne, wato fentin da ake sirkawa da ruwa mai saurin bushewa. Ka shafa kaɗan a takarda, idan ya bushe cikin mintoci, ba fentin mai ba ne. Ana kuma yin jabun sanannun sunaye, don haka ka duba ko rubutun jikin bututun ya fito sarai, sannan ka nemi dillalin da zai karɓi kayansa idan ka mayar.