Ƙwayoyin Xiao Yao Wan da na saya wa Yaya a Zoo Road

Takaba ta ƙare, amma Yaya ba ta fito daga ɗaki ba. Abinci sai an yi da gaske, barci kuwa sai gab da asuba. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta a kan fluoxetine. Ganin sati biyu shiru, hankalina ya tashi, na nufi wani shagon magungunan gargajiyar Sin da maƙwabciyata ta kwatanta mini.

Abin da ya sa har gobe nake ganin mutuncin mai shagon shi ne tambayar da ya fara yi: "Hajiya, akwai maganin asibiti da take sha?" Da na faɗa masa, sai ya mayar da kwalin Shugan Jieyu, wani maganin damuwa na Sin, da ya riga ya ɗauko. Ya ce akwai ganyen St John's wort a ciki, haɗa shi da fluoxetine kan sa sinadarin serotonin ya yi yawa a jiki, abin ya zama haɗari. Wani da tuni ya karɓe kuɗina.

Xiao Yao Wan ya ba ni, baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana kamar masoro, takwas sau uku a rana. Haɗi ne da Sinawa ke amfani da shi tun daular Song, sama da shekara 800, kuma har da citta da na'a-na'a a ciki. Masu bincike sun ga yana rage kumburi a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara furotin BDNF da ke raya su, sai dai yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi. Yaya kuwa mutum ce, mai hawan jini ma.

Nan ne shagon ya gaza. Takardar cikin kwalin duk da rubutun Sinanci take, kuma bai gaya mini akwai saiwar gan cao mai tayar da hawan jini a cikin maganin ba. Likitanta ne ya gano, ya ce a riƙa awo kullum.

Cin abincinta ya dawo, kumburin ciki ya sauka. Sauƙin zuciyar kuwa ya zo a sati na shida, daidai lokacin da likita ya ce nasa maganin zai kama. Da awon jinin ya fara hawa muka ajiye na Sin, ta ci gaba da na asibiti. Ranar Juma'ar da ta wuce, da kanta ta ɗauki mayafi ta ce in raka ta gidan suna a Gwammaja.