Kwalin auna IL-6: yana aiki, sai dai ka san iyakarsa

Aikina a ɗakin bincike a kan TLR4 yake, ɗaya daga cikin masu karɓar saƙo guda 10 na dangin Toll da ke jikin ɗan Adam. Shi ke jin ɗuriyar LPS, sinadarin da ke bangon bakteriya irin su E. coli, ya ta da ƙwayoyin garkuwar jiki. Bruce Beutler da abokan aikinsa ne suka tabbatar da haka a 1998, a jikin wasu ɓeraye da LPS ba ya motsa su, kuma aikin ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2011 tare da Jules Hoffmann da Ralph Steinman. Da zarar TLR4 ya farka, saƙo ya bi ta furotin MyD88 da ke cikin ƙwayar ya isa NF-κB, mai kunna ƙwayoyin halittar kumburi, sai ƙwayar ta shiga zubo sinadaran kumburi. IL-6 na cikin na gaba-gaba, shi nake aunawa kusan kullum, don haka kwalin ELISA, wato kayan gwajin da ake auna yawan irin wannan sinadari da su, ba baƙona ba ne.

Wanda zan yi magana a kansa ba zan kira sunan kamfaninsa ba, ba talla na zo yi ba. A ciki akwai faranti mai ramuka 96 da aka riga aka shafe da antibodin da ke cafke IL-6, da garin ma'auni, wato IL-6 da aka san yawansa don a kwatanta samfuri da shi, da ruwan wanki mai kauri wanda za ka tsarma, da TMB, sinadarin da ke rinewa inda aka cafke IL-6, da ruwan tsayarwa mai dakatar da rinewar. Abin da ya fi burge ni shi ne ramukan jere-jere suke, takwas-takwas, kana iya ciro iya buƙatarka ka mayar da saura cikin jakarsa ka sa a firji. Duk wanda ya taɓa ƙona faranti guda saboda samfuri goma ya san darajar wannan.

Da ƙwayoyin THP-1 na gwada shi, wato wasu fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam da ake rainonsu a ɗakin bincike. Na zuba wa wasu LPS, na bar wasu haka nan, washegari na kwashi ruwan da suke ciki. Tun kafin a je na'ura ido ya ba da labari: da TMB ya shiga, ramukan da suka sha LPS suka rine shuɗi shar, na kusa da su ko gezau. Ruwan tsayarwa na sauka shuɗin ya juye rawaya, na'ura ta karanta a nanomita 450. Lambobin ramuka biyu na samfuri ɗaya suna fitowa kusa da juna, kuma wannan ne farkon abin da nake dubawa. A nan kam ba ni da ta cewa.

Matsalar tana ƙasa. Idan IL-6 ɗin kaɗan ne, kamar a ƙwayoyin da ba a taɓa ba, lambar da yake bayarwa sai ta manne da ta ramin da babu komai a ciki, ka rasa ko ɗan kumburi ne na gaske ko ƙazantar wanki. Takardar bayanin ma ba ta taimaka ba wajen tsarma samfuri, layi biyu kawai ta yi ta wuce, alhali ruwan ƙwayoyin da suka sha LPS yakan haura saman ma'auni sai an tsarma shi sosai. Sannan kwalin da ya zo daga baya, mai wata lambar rukuni dabam, ma'auninsa ya ɗan sauka. Ba wani tashin hankali ba ne, amma ya isa ya hana ka haɗa sakamakon biyu a zane ɗaya. Ruwan wankin kuma yakan yi tsakuwa a firji, sai ka ɗumama shi ya narke tukuna.

Akwai abin da ba laifin kwalin ba ne, amma sabbin ɗalibai kan faɗa cikinsa. Kwalin yana ƙirga saƙo ne, ba ya gaya maka ko mai karɓa ya karɓa. Dubi tocilizumab, maganin da ke toshe mai karɓar IL-6, wanda ake ba masu amosanin gaɓɓai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021 ga waɗanda korona ta tsananta musu. Bayan an ba mara lafiya shi, IL-6 na jininsa hawa yake yi, domin ƙofar da yake bi ya fice ta rufe, ga shi kuwa kumburin na lafawa. Wanda ya dogara da lambar ELISA kaɗai zai rantse ciwo ya ƙaru. In so kake ka san ko saƙon ya shiga, duba STAT3, furotin da IL-6 ke tayarwa a cikin ƙwayar, ko CRP, alamar kumburi a jini.

Ga mai aiki da ƙwayoyin da aka tsokana da LPS, ina ba da shawarar a saya, kuma zan ƙara saya. Mai neman ɗan abin da ke yawo a jinin lafiyayye, ya nemi mai kaifin ji fiye da wannan. In kuma aikinka zai ɗau watanni, ka roƙi mai sayarwa ya haɗa maka duka kwalayen daga rukuni ɗaya tun farko.