Babban babur na doguwar tafiya: wanne zai kai ka har ƙofar gida?

Kafin ka tambayi kuɗi, auna hanyar garinku. Daga Kano zuwa Wudil ko Dutse kwalta ce, kowane babur zai yi maka daɗi. Matsalar tana farawa ne daga inda ka sauka daga titi ka shiga burji, sannan rairayin da ya raba ka da ƙauye.

Honda Gold Wing shi ne wanda kowa ke sha'awa. Tun 1975 ake ƙera shi, na yanzu injinsa 1833cc ne mai silinda shida, yana da ribas, akwai ma wanda ke canza giya da kansa. Wanda ka goya zai zauna kamar a kujerar falo. To amma nauyinsa ya kusa kilo 390, wato kusan buhun masara huɗu, kuma cikinsa bai fi santimita 13 daga ƙasa ba. A jigayin wajen Gumel ko Maigatari, in ya kwanta sai ka kira matasan unguwa su taya ka ɗagawa, kuma robobin jikinsa kaɗai in suka fashe aljihu zai ji.

Harley-Davidson irin su Road Glide ma haka nauyin yake, sai dai ƙugi da kwarjini. Injinsa yana watso zafi a cinya, ka tuna da ranar bazara a Haɗeja. Ni dai ban ga dalilinsa ba ga mazaunin karkara, sai in don hawan sallah.

Wanda ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne mai dogayen ƙafafu, wato wanda cikinsa ya yi nisa da ƙasa. BMW R 1250 GS bai wuce kilo 250 ba, ba ya amfani da sarƙa, kuma samfurin Adventure yana ɗaukar lita 30, abin da zai rage maka tsayawa wurin 'yan bumburutu, domin waɗannan injuna ba sa jure gurɓataccen mai. Honda Africa Twin bai kai shi nauyi ba, tayarsa ta gaba inci 21 ce, tana yanka rairayi da kwazazzabon damina. Sarƙa gare shi, ƙura za ta sa ka riƙa wanke ta kana sa mata mai, amma aiki ne da bakaniken gari ya saba da shi. Dukansu biyu suna da tsayi. In kai gajere ne, hau ka ga ko ƙafarka na taɓa ƙasa.

Yawancin waɗanda ke shigowa na hannu ne. Ka duba takardun kwastan, ka haɗa lambar jikin babur da ta takarda. Sannan ka zaga wurin 'yan babura a Fagge ka tambayi taya da burki na samfurin da kake so, da wanda zai iya jona masa kwamfuta in fitilar gargaɗin matsala ta kama. In aka ce maka sai an aiko daga Legas, ka lissafa makonnin da zai yi a zaure yana shan ƙura, kai kuma kana zuwa kasuwa a kan Boxer ɗin ƙaninka.